Masaukin Baƙo A Abuja: Kowane Gari Da Irin Dokarsa

Matafiyin da ya taso daga Kaduna da hantsi, idan hanya ta yi kyau, kafin azahar ta wuce zai hangi Dutsen Zuma tsaye a gefen titi kamar dogari a ƙofar fada. Daga nan sai Zuba, inda motocin Arewa suke rage fasinja, sa'an nan titi ya buɗe, ya ratsa ta Dei-Dei da Kubwa da Gwarinpa har ya faɗa cikin birni. A daidai wannan wuri ne hira takan mutu a cikin mota, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, domin tambayar da aka yi ta ɗagewa tun daga tasha ta zo wuya, watau ina za a kwana.

Abuja gari ne na masu zuwa su koma. Akwai mai neman biza a ofishin jakadanci, da mai jinyar ɗan'uwa a Babban Asibitin Ƙasa wanda aka buɗe cikin 1999, da ɗan kwangilar da ya zo bin fayil a ma'aikata, aka ce masa ya dawo jibi, jibin kuma ta zama mako biyu. Akwai iyayen da suka zo ganin an rantsar da ɗansu lauya, da wakilan jam'iyya lokacin babban taro a Dandalin Eagle, da 'yan rakiyar amarya mota uku cike. Dukansu ba hayar shekara suke nema ba, kuma da yawansu otal ya fi ƙarfin aljihunsu ko kuwa bai dace da yawansu ba. Abin da suke so shi ne ɗaki ko gida na kwana uku ko bakwai ko ashirin.

Wannan matsala ta girmi birnin kansa. Ran 3 ga watan Fabrairu 1976 ne Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birni, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka yanko ƙasa kimanin murabba'in kilomita 8,000 a tsakiyar Nijeriya. Sunan ma aro ne. Tsohuwar Abuja, garin da Abu Ja ya kafa cikin 1828 bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zazzau, ita ce ta ba da sunanta, ta koma Suleja. Ma'aikatan farko na Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya a can Sulejan suka yada zango, suna shiga daji da safe su komo da yamma. Ashe tun daga tushe masu yi wa Abuja aiki a wajenta suke kwana.

Taswirar da aka kammala cikin 1979 ta yi wa kowane abu wuri. Ga unguwar ma'aikatu, ga ta ofisoshin jakadanci, ga filayen gidajen zama a Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, ga na kasuwa, ga na manyan otal-otal. Otal ɗin Nicon Noga Hilton, wanda yanzu ake kira Transcorp Hilton, an buɗe shi cikin 1987, shekara huɗu kafin Janar Ibrahim Babangida ya taso da gwamnati daga Ikko ran 12 ga watan Disamba 1991. An tanadi masaukin shugabannin ƙasashe da manyan baƙi. Abin da masu zanen ba su ajiye wa wuri ba shi ne zango, masaukin talakan matafiyi, wanda babu wani tsohon birnin Hausa da bai da shi.

A Kano ta dā, baƙo ba ya shiga gari ya tsaya a titi yana waige-waige. Idan ayari ya iso, madugu ya san gidan da zai dosa. Akwai fatoma, mai masauki, wanda zai ba fatake ɗaki da abinci, ya ajiye musu haja, ya nemo musu dillali a Kasuwar Kurmi, ya tsaya musu idan an yi ciniki bashi. Ba kuɗin ɗaki yake dubawa ba, rabonsa yana cikin la'adar cinikin. Kuma shi ne ke ɗauke da nauyin baƙonsa a gaban hukuma: in baƙo ya yi ɓarna, mai unguwa ƙofar mai masauki zai fara ƙwanƙwasawa. Hausawa sun tafi da wannan tsari duk inda fatauci ya kai su, zangon Kumasi da na Ankara da Sabo ta Badun, inda wani masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna ya rubuta littafi cikin 1969 a kan yadda masu gida suke riƙe da cinikin shanu da goro ta hanyar saukar da baƙi. Doka ce wadda ba a rubuta ba, amma ta amsa tambayoyi ukun da har gobe su ne jigon maganar: wa ya san baƙon, wa zai biya in an yi hasara, kuma mene ne rabon hukuma.

To, a Abuja giɓin da taswira ta bari kasuwa ce ta cike shi. Bayan gwamnatin Obasanjo ta daina ba ma'aikata gidaje cikin 2003, ta koma biyansu kuɗi a madadin haka, aka sayar da dubban gidajen gwamnati, gidajen birnin suka zama haja a hannun masu su. Sa'an nan wayar hannu ta zo, kamfanoni irin su Airbnb, wanda aka kafa a Amurka cikin 2008, suka koya wa duniya cewa kowane gida yana iya zama otal. Yau a Wuse II da Jabi da Utako da Wuye da Guzape da Gwarinpa akwai benaye waɗanda daga waje ba su da allo ko alama, amma a ciki an shimfiɗa gado, an sa kujeru da talabijin da tukunyar gas da intanet, ana ba da su haya kwana-kwana. Masu sana'ar da bakin Turawa suke kiranta, shotlet. Baƙo zai ga hoton gidan a waya, ya tura kuɗi ta banki, ya ƙara da kuɗin ajiya wanda za a mayar masa idan bai fasa kome ba, ya nuna katin shaida ga mai gadi, a miƙa masa makulli. Sau da yawa har ya tafi bai sa mai gidan a ido ba.

Gaskiya abin yana da daɗi ga wanda ya dace. Iyalin da suka kawo tsohuwarsu asibiti suna iya dama mata kunu a kicin, mata su sake ba tare da gittawar maza baƙi ba, a yi jam'in salla a falo. Mutum takwas ɗin da za su kama ɗaki huɗu a otal sai su taru a gida guda. Janareto da batirin hasken rana suna aiki ko an ɗauke wuta. Wanda bai dace ba kuwa shi ne wanda ya tura kuɗi saboda hoto, ya iso da dare ya tarar babu gidan, lambar wayar kuma a kashe, ko kuwa wanda ya bar gida lafiya ƙalau amma kuɗin ajiyarsa suka maƙale, yau da gobe har ya haƙura.

A nan ne maganar doka take shigowa, kuma dokar Abuja daban take da ta kowane gari a ƙasar nan. Sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya danƙa dukan ƙasar Birnin Tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya. Birnin ba shi da gwamna, ba shi da majalisar jiha. Majalisar Dokoki ta Tarayya ce take yi masa doka, Minista kuma yake gudanarwa a madadin Shugaban Ƙasa. Ƙananan hukumominsa shida, watau ta cikin birni da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, ba su da ikon raba fili. Saboda haka kowane mai gida a Abuja a haƙiƙa ɗan haya ne na gwamnati, na shekara 99 galibi, kuma a cikin takardar mallakarsa an rubuta abin da aka ba shi filin dominsa, ko zama, ko kasuwanci, ko wani abu dabam. Wanda ya karkatar da fili daga abin da aka rubuta ba da izini ba, ya saɓa sharaɗi, Sashen Kula da Gine-gine kuma yana da ikon shafa masa jan fenti a bango.

Mutanen Abuja sun san wannan jan fenti. Sun gan shi zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, wanda ya riƙe birnin daga 2003 zuwa 2007, lokacin da katafila ta yi ta cin gine-ginen da aka ce sun saɓa taswira. Sun kuma ga wani salo cikin watan Satumba 2025, sa'ad da hukumar birnin a ƙarƙashin Minista Nyesom Wike ta lissafa tituna irin su Aminu Kano da Adetokunbo Ademola a Wuse II, da Gana a Maitama, da Gimbiya a Garki, inda gidajen zama suka rikiɗe suka zama wuraren kasuwanci, ta yanka wa masu su tarar naira miliyan 5 kowanne, a biya cikin kwana 30, sa'an nan a sake musu takarda bisa sabon amfanin filin. Yawancin waɗannan gine-gine bankuna ne da kantuna da ofisoshi da gidajen abinci, masu allo a ƙofa. Gidan hayar kwana shi ne ya fi wuyar kamawa, gama a cikinsa barci ake yi da girki, daidai da abin da takarda ta ce, sai dai masu barcin ne suke canzawa duk bayan kwana uku. Ko wannan zama ne ko kasuwanci, tambaya ce da lauyoyi biyu za su kwana suna ja a kanta.

Dokar da take tsakanin mai gida da ɗan haya a Abuja ita ma tsohuwa ce, an gaje ta tun kafin wannan sana'a. Ta ce idan babu wata yarjejeniya dabam, ɗan hayar shekara sai an ba shi notis na wata shida, na wata-wata a ba shi wata guda, na mako-mako a ba shi mako, bayan haka a ƙara masa kwana bakwai, sa'an nan a tafi kotu. Baƙon kwana uku kuwa, a fahimtar masana shari'a da yawa, ba ɗan haya ba ne, izinin kwana kawai aka ba shi, kamar baƙon otal. Wannan bambanci shi ne rabin abin da ya sa masu gidaje suke sha'awar sana'ar. Wanda ya taɓa shekara yana zarya a kotu domin fitar da ɗan hayar da ya ƙi biya, in aka nuna masa baƙon da zai biya tun bai shiga ba ya kuma fita ran Lahadi, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

Sauran rabin kuwa lissafi ne, kuma wanda lissafin yake faɗawa a kansa ba ya wurin da ake yinsa. Duk benen da aka mayar na baƙi a Wuse ko Utako, an rage gida ɗaya ke nan daga waɗanda malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti za su iya kamawa. Da ma can hayar Abuja sai an biya ta shekara guda ko biyu a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya. Cikin watan Fabrairu 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai wani ƙuduri har karatu na biyu a Majalisar Dattawa, wanda ya nemi a taƙaita kuɗin farko zuwa na wata uku, daga nan a riƙa biya wata-wata, amma majalisar ta tashi cikin 2023 bai zama doka ba. Ba za a ɗora wa gidajen hayar kwana laifin tsadar Abuja duka ba, don tsadar ta riga su zuwa, kuma akwai manyan gidaje a Maitama da Asokoro da suka shekara a kulle babu baƙo babu ɗan gari. Amma sun ƙara wa wutar itace.

Inda hukuma ta yi nisa, maƙwabta ne suka zama hukuma. Yawancin sababbin gidajen birnin a cikin rukuni suke, an kewaye su da katanga da ƙofa guda, kowane rukuni da ƙungiyar mazaunansa. Wani rukunin ya hana hayar kwana ɗungurungum, wani ya ce sai an rubuta sunan baƙo a ƙofa tun kafin ya iso, wani ya hana kiɗa da taro bayan wani lokaci na dare, wani kuma ko oho. Saboda haka a unguwa guda ana iya samun doka uku, katanga ce kawai a tsakaninsu. Mai gadin ƙofa da littafinsa shi ne ya gaji aikin mai unguwa, sai dai shi ba ya kai rahoto ga dagaci.

Matafiyin da ya bi titin Keffi ya wuce Nyanya, da zarar ya shiga Mararraba ya bar wannan duniya ya shiga wata. Nan Jihar Nasarawa ce, ƙasa a hannun gwamna take bisa dokar filaye ta 1978, takarda daga Lafiya take fitowa, masaukai kuma ga su nan birjik a lunguna, masu araha, babu mai tambayar abin da taswirar 1979 ta ce. In kuwa ta Zuba ya fita, Madalla da Suleja Jihar Neja ce, wadda ta ƙaddamar da Shari'a cikin 2000, da nata dokokin a kan giya da wuraren shaƙatawa. Tafiyar da ba ta wuce awa guda ba ta haɗa hukuma uku, baƙo kuwa ba ya ganin iyaka, sai dai ya ji ta a farashi da irin tambayar da za a yi masa a ƙofa.

A Kano tambayar dabam ce. Can ma akwai hukumar tsara birni, akwai masu karɓar haraji, kuma gidajen hayar kwana sun yaɗu a Nassarawa da Bompai da kewayensu. Amma abin da mai masauki a Kano ya fi sa wa ido shi ne wane ne ya shiga da wa. Hukumar Hisba, wadda aka yi wa doka cikin 2003, takan kai samame otal-otal da masaukai, kuma irin wannan samame ne ya jawo ce-ce-ku-ce har Gwamna Abba Kabir Yusuf ya yi magana a kan yadda ake kamen, Shaikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin hukumar a farkon watan Maris 2024, kafin a sasanta ya koma cikin 'yan kwanaki. Tsohon tsarin ma bai mutu ba. Ɗan kasuwar da ya zo daga Maraɗi ko Damagaram ko Injamena sayen atamfa a Kantin Kwari har yanzu yakan sauka wurin maigidansa a Fagge, inda babu katin shaida, sanayya ce jingina.

Ikko kuwa ta kama abin ta wajen aljihu. Dokarta ta 2009 ta ɗora harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin kwana a otal da cin abinci a gidajen abinci, kuma ta faɗaɗa ma'anar otal har ta haɗa da gidan da ake bayarwa haya na gajeren lokaci. Gwamnatin Tarayya ta ja da ita a kan wa yake da ikon yi wa otal rajista, sai Kotun Ƙoli ta yanke cikin watan Yuli 2013 cewa wannan hurumin jihohi ne. Wannan hukunci shi ne asalin bambancin da ake gani yau, gama ya bar kowace jiha ta yanka rigarta daidai jikinta, Abuja kuma, da yake ba ta da majalisar kanta, sai ta jira 'yan majalisar da hankalinsu yake kan ƙasa baki ɗaya. Dokar haya ta Ikko ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, amma ta tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da unguwar Turawa ta Ikeja. Maganar tsaro kuwa ta taso da ƙarfi cikin watan Yuni 2021, lokacin da aka tsinci gawar shugaban wani kamfanin talabijin a irin wannan gida a Lekki, jama'a suka fara tambayar wa yake rubuta sunan masu shiga.

Manyan biranen duniya sun riga Nijeriya shan wannan ruwa, kuma yawancinsu da ƙidayar kwana suka ɓullo wa abin. A Landan, tun 2015, mutum ba ya ba da gidansa sukutum hayar kwana fiye da dare 90 a shekara sai da izinin hukumar tsara gari. Faris ta daɗe a kan 120, ta rage zuwa 90 daga farkon 2025. Japan ta tsayar da 180 cikin 2018. Niyu Yok ta fi su tsanani: daga watan Satumba 2023, hayar da ba ta kai kwana 30 ba sai mai gida ya yi rajista, yana cikin gidan tare da baƙinsa, baƙin kuma kada su wuce biyu, abin da ya yi kama da tsarin fatoma fiye da yadda masu dokar za su zata. Magajin garin Basalona ya ba da sanarwa cikin watan Yuni 2024 cewa lasin irin waɗannan gidaje sama da 10,000 ba za a sabunta su ba bayan Nuwamba 2028. Alhazai kuma sun san cewa a Makka ba a saukar da mahajjata a bene sai hukuma ta duba shi ta ba da izini na wannan shekarar. Dalilin Turawa ɗaya ne, 'yan yawon buɗe ido sun kori 'yan gari daga unguwanninsu. Kwafo dokarsu kai tsaye ba lalle ya yi wa Abuja daidai ba, don baƙon Abuja ba yawon shaƙatawa ya kawo shi ba. Gwamnati ce ta tara ma'aikatu da ofisoshin jakadanci da manyan kotuna a wuri guda ta ce kowa ya zo, saboda haka hana shi masauki mai sauƙi zalunci ne, barin abin babu rajista babu mai amsa laifi kuma sakaci ne.

Da asuba, kafin baƙon da ya kwana a Jabi ya farka, titin Mararraba zuwa Nyanya ya riga ya cushe. Motocin haya da manyan bas-bas da babura sun jeru tun daga iyakar Nasarawa har gadar da take shiga Asokoro, cike da masinjoji da direbobi da malaman asibiti da 'yan sanda. A cikinsu akwai matar da za ta canza zanen gado a gidan da baƙon zai bari da ƙarfe goma sha biyu, ta share, ta wanke kwanuka, ta ƙirga cokula ta aika wa mai gida hoto a waya, domin wasu baƙin daga Sakkwato suna kan hanya, an ce da la'asar za su iso Zuba.